Ranar Da Rumbu Ya Ƙi Buɗuwa

 Akwai wani abin kunya da ya same mu a cikin watan Yuni na shekarar 2023, wanda har gobe idan muka haɗu ba ma rasa tayar da zancensa, wata rana da dariya, wata rana kuwa kowa ya kawar da kai. Mun daɗe muna ja-in-ja a kan ko ya dace a rubuta shi ko a bar shi ya mutu a cikinmu. Daga baya muka ga cewa wannan mujalla ta 'yan gida ce, kuma da wuya a sami mai riƙe da ita yanzu wanda ba shi da wata kwamfuta, tasa ko ta aro, da yake tara guminsa a ciki. Don haka gara mu tona asirin kanmu da bakinmu.

Mu biyar ne, dukkanmu mazauna Haɗeja: malaman makaranta biyu, ɗaya namiji ɗaya mace, da tela, da mai shagon littattafai, da wani ɗalibi wanda shi ne autanmu. Abin da ya haɗa mu rubutu ne, kuma a lokacin babu mai kwamfuta ko ɗaya a cikinmu. Inda muke buga rubuce-rubucenmu wani ɗan ofishi ne na wata ƙungiyar manoman shinkafa, ɗaki guda da benci biyu da tebur, sai wata tsohuwar kwamfuta ta kan tebur da na'urar buga takarda. Ma'ajin ƙungiyar, dattijo ne da kowa ke kira Baba Ma'aji, abokin mahaifin telanmu ne. Shi ya ba mu mabuɗi, ya ce idan an tashi aiki mu riƙa shiga bayan Isha'i, sharaɗinsa guda ne, kada mu taɓa abin da ba namu ba. Muka yi masa alkawari, kuma a iya saninmu mun cika shi.

Wanda bai san ƙasarmu ba sai mun ɗan yi masa shimfiɗa, don ya gane nauyin abin da ke cikin wannan kwamfuta. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke gangarowa ta Auyo ya wuce bakin garinmu ya bazu a fadamun Kirikasamma da Guri har ya doshi Nguru. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, halin kogin ya sake. Da can da rani yakan janye, yanzu kuwa ruwa ba ya yankewa, abin da ya ba mutane damar noman rani sosai, amma kuma ya ba ciyawar kacala damar kafa gindi ta toshe hanyoyin ruwa. Idan damina ta yi ƙarfi sai ruwan ya rasa hanya ya bi gonaki da gidaje. A 2022 ya yi ɓarnar da ba za a manta ba. Mu da kanmu mun kwana muna ɗura ƙasa a buhuna tare da samarin gari ana ƙara tsayin jinga don kada ya faɗo mana cikin gari.

Garin ya tsira, amma ƙauyen Baba Ma'aji bai tsira ba. A gidansa na can yake ajiye manyan littattafan ƙungiya, waɗanda aka rubuta sunan kowane manomi da abin da ya ajiye da abin da ake bin sa tun ranar da aka kafa ta. Da ruwa ya janye aka tono akwatin, aka tarar takardun sun manne sun zama kamar ƙosai, tawadar ta bi ruwa. Abin da ya ceci ƙungiyar shi ne, shekara guda kafin nan wani ɗan ƙanen akawunsu, mai karatun kwamfuta, ya haɗa musu wata manhaja ya zuba duk abin da ke cikin littattafan a ciki. Daga ranar nan aka sallama wa kwamfuta. Ba a sake sayen babban littafi ba, aka ce ai ga abin da ruwa bai ci ba. Mutum wajen ɗari huɗu, da ajiyarsu da bashinsu na taki da iri da man injin ban-ruwa, ba su da wata shaida a duniya sai wannan baƙin akwati da ke ƙarƙashin tebur. Mu kuma a kansa muke buga waƙoƙinmu.

To, ranar wata Litinin da hantsi sai ga kiran akawu. Murya na rawa ya ce mu zo ofis yanzu. Lokacin an yanke shinkafar rani, manoma na ta kawo biyan bashi, wasu kuma na son cirar ajiyarsu don shirin damina, ga kuɗin fetur ya haura naira 500 tun bayan janye tallafi a ƙarshen watan Mayu, kowa a matse yake. Muka tarar da benci cike, wasu a tsugune a gindin bango. Kwamfuta ta kunnu lafiya lau, ga hoton da ke fuskarta, ga linzami na yawo. Amma akwai wani ɗan allo mai suna XAMPP da akawu ke buɗewa kowace safiya ya danna maɓalli biyu. Na farko ya zama kore yadda ya saba. Na biyu, wanda aka rubuta MySQL a gefensa, da ya danna sai ya yi kamar zai tashi, ya ɗan yi ruwan ɗorawa, sa'an nan ya koma ya mutu, wani jan rubutu ya zubo a ƙasa. Layin farko na cewa MySQL ta rufe kanta ba zato.

Akawu ya dube mu ya ce, "Malamai, ran Asabar da yamma aka ɗauke wuta ina cikin aiki, na kulle na tafi. Ku ne kuka shigo da dare. Me kuka taɓa?"

Muka rantse ba mu taɓa komai ba. Gaskiya muka faɗa, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, duk jikinmu ya yi sanyi.

Bari mu faɗi abin da muka fahimta daga baya game da wannan maɓalli, don a lokacin ba mu san komai ba. Ashe sunaye da lissafin manoman nan ba a zube suke kamar fayil ɗin labari da za ka danna ya buɗe ba. Suna cikin abin da ake kira rumbun bayanai, kuma rumbun yana da mai tsaro, wata manhaja da ake ce wa saba. Ba mai zuba hatsi ko ya ɗiba sai ta hannunsa. Manhajar da akawu ke gani da gurabun cike suna da kuɗi, 'yar aike ce kawai, takan je ƙofar mai tsaro ta ce a ba ni lissafin wane, ko a rubuta wa wance kaza. Idan mai tsaro bai tashi daga barci ba, hatsin na nan a ciki amma babu mai iya kai hannu. Wani ɗan ƙasar Finlan mai suna Michael Widenius da abokansa ne suka fito da MySQL a 1995, ya raɗa mata sunan 'yarsa My. Bayan an sayar da kamfanin, a 2009 ya sake reshe daga gare ta ya sa masa sunan ƙaramar 'yarsa, ya zama MariaDB. Abin dariya, wadda ke cikin kwamfutarmu MariaDB ce, amma maɓallin bai daina cewa MySQL ba, kamar dai yadda kowane garin sabulu a wurinmu Omo ne, kowane ɗunƙule kuma Maggi.

Da yake ana ganinmu 'yan boko, kuma mu ake zargi, sai muka naɗe hannun riga. Abin da muka yi a wannan yini ba shi da maraba da abin da ake yi wa marar lafiya a ƙauyen da babu likita, kowa ya zo da nasa sassaƙen. Muka kashe kwamfuta muka kunna. Muka sake kashewa muka kunna. Telanmu ya ce ƙura ce, aka kwance murfin akwatin aka hure, ƙurar hunturu uku ta tashi ta shaƙe mu, aka mayar, ba ta sake zani ba. Mai shagon littattafai ya ce ƙwayar cuta ce daga filashinmu, aka sa manhajar bincike ta yi awa biyu tana lalube ba ta kama komai ba. Muka nemi yaron da ya haɗa manhajar, ashe yana hidimar ƙasa a wani ƙauye a kudu inda waya ba ta shiga sai ya hau tudu.

Bayan La'asar autanmu ya shiga intanet da wayarsa, ya rubuta layin nan na farko na jan rubutu. Kai jama'a! Ashe ciwon ya game duniya. Ga bidiyo nan rututu daga Indiya da Indunusiya da Masar, kowa na cewa nasa maganin minti biyu ne. Wani ya ce ƙofa ce ta toshe. Wato shi mai tsaron rumbun yana da ƙofa mai lamba 3306 da yake zama a bakinta, idan wata manhaja ta riga shi zama sai ya fasa tashi. Muka buɗe fayil ɗin saiti mai suna my.ini muka mayar da lambar 3307. Shiru. Wani ya ce a duba wata jaka mai suna backup. Da muka gan ta sai da muka yi kabbara, muka ce ashe yaron nan ya yi ajiyar ko-ta-kwana. Muka buɗe, babu sunan manomi ko ɗaya. Ashe wannan jaka da ita manhajar ke zuwa daga masu ita, sabbin kayan gyara ne kawai a ciki, ba ruwanta da abin da ka tara. Nan ne muka gane cewa tun ranar da aka fara aiki da kwamfutar nan ba a taɓa kwafar lissafin an ajiye a wani wuri ba, ko sau ɗaya.

Sai bidiyo na uku. Mai shi ya yi magana da ƙarfin hali irin na masu tallar magani a tasha. Ya ce a shiga jakar data, a nemi fayil mai suna ibdata1, a goge shi, a sake danna maɓalli, shi ke nan. Har ya gwada a tasa kwamfutar, maɓalli ya yi kore shar. A ƙarƙashin bidiyon mutane da yawa na ta yi masa godiya. Autanmu ya nemo fayil ɗin, ya haska shi, yatsansa na kan madannin gogewa. Mu huɗu muna tsaye a kansa, babu wanda ya ce uffan, don mun gaji, kuma Magariba ta kawo kai.

Baba Ma'aji, wanda tun safe yake zaune a kusurwa da carbinsa bai sa mana baki ba, sai ya ce, "Yaro, me za ka yi?"

"Baba, wani abu ne ya lalace za mu cire shi, sai ta tashi."

"Ka san abin da ke cikinsa?"

"A'a, Baba."

"To, wanda ya ce ka cire, ya san abin da ke cikin namu?"

Muka yi tsit. Ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma ya yi shekara arba'in yana riƙe da kuɗin mutane, kuma bai taɓa yaga takardar da bai karanta ba. Ya ce idan akwai yadda za a kwafe abin gaba ɗaya a kai wani wuri kafin a taɓa shi, a yi, in babu a rufe ofis kowa ya tafi gida. Muka ɗauko filashin Malama muka kwafe jakar data ɗungurungum. Abin mamaki, duk dukiyar mutum ɗari huɗu ba ta kai megabait 200 ba, cikin 'yan mintoci ta shige. Baba ya karɓi filashin ya naɗe a hankici ya zura a aljihun 'yar-cikinsa, ya ce gogewar ma a bari sai gobe. Muka watse, kuma babu wanda ya yi barcin kirki a cikinmu. Zance ya riga ya zaga gari cewa 'yan waƙa sun cinye kuɗin manoma da kwamfuta.

Washegari Malama ce ta riga kowa zuwa. Ita Turanci take koyarwa a sakandare, kuma tana da wata ɗabi'a da ke ba mu haushi a wurin karatun ƙungiya, ba ta yarda a yi sharhin labari sai an karanta shi har aya ta ƙarshe. Ta danna maɓallin, jan rubutu ya zubo, ta gyara tabarau ta karanta shi a bayyane tun daga sama har ƙasa, tana fassarawa. Layi bakwai ne ko takwas. Mu jiya na farko kaɗai muka karanta, muka ruga neman magani. Ashe a tsakiya an rubuta ɓaro-ɓaro cewa a danna maɓallin da ke gefe a duba kundin rahoto don a ga dalili. Ta juyo ta ce, "Malam, jiya wa ya buɗe wannan kundi a cikinku?" Kowa ya dubi ɗan'uwansa.

Ta buɗe. Wannan kundi, mai suna mysql_error.log, shi ne abin da ya fi tsaya mana a rai a duk wannan lamari. Ashe mai tsaron rumbun marubuci ne, kuma ya fi mu naci. Duk abin da ya same shi sai ya rubuta, da kwanan wata da awa da minti har da daƙiƙa, layi bayan layi, ba ƙari ba ragi, ba ya jiran ilhama, ba ya kuma neman a yaba masa. Muka gangara ƙasa can inda rubutun ya ƙare, muka riƙa hawa sama muna bin sawu. Ga duk dannawar da muka yi jiya a jere, sau ashirin da uku, kuma kowane karo amsa ɗaya yake bayarwa: yana so ya shimfiɗa wani fayil na wucin gadi mai suna ibtmp1, mai girman megabait 12, wanda ba ya fara aiki sai da shi, amma ya rasa wurin shimfiɗawa. A gefe ga lambar kuskure 112. Autanmu ya bincika, ya ga cewa a Windows wannan lamba ma'anarta guda ce, faifan ajiya ya cika.

Sau ashirin da uku yana gaya mana ciwonsa da bakinsa, mu kuwa muna hure masa ƙura.

Aka buɗe inda ake ganin faifan, sai ga sandarsa ta yi ja wur, gigabait 250 ba sauran komai sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Akawu ya ce shi dai lissafinsa kun gani bai kai komai ba, to me ya cika shi? Ba sai an yi duba ba. A kan fuskar kwamfutar akwai wata jaka da muka sa wa suna Adabi. Rubutunmu na shekara biyu, da waƙa da labari da wasan kwaikwayo, duka bai fi cikin cokali ba. Amma tun bara muka tsiri ɗaukar bidiyon zaman karatunmu na wata-wata da wayoyi biyu, wai don tarihi, kowane zama gigabait bakwai ko takwas. Ga hotunan tsofaffin littattafai da muka ɗauka shafi-shafi. Ga kuma, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, finafinan Indiya masu fassara da wani daga cikinmu ya ajiye, ba za mu faɗi ko wane ne ba, amma yana da keken ɗinki. Ranar Juma'a da dare muka zuba bidiyon zaman watan Yuni, shi ne ya cike gurbin da ya rage.

Abin da ya fi ciwo, an yi ta yi mana gargaɗi. Makonni ke nan wani ɗan saƙo na leƙowa a kusurwar allo ta dama, muna rufe shi kamar mai korar ƙuda, ba wanda ya taɓa karantawa. Ran Asabar da dare ma mun so ƙara wani bidiyon ya ƙi shiga, muka ce igiyar wayar ce ta lalace. Mu da ke tsayawa a taro muna kukan cewa mutanenmu ba sa karatu! Mun cika alkawarin Baba, ba mu taɓa abin da ba namu ba, sai dai mun cika ɗakin da kayanmu har mai gida ya rasa inda zai sa ƙafa.

Muka ari babban faifai na waje a wurin wani mai ɗaukar hoto, muka kwashe jakar Adabi kaf, aikin da ya ci fiye da awa biyu. Akawu ya yi bisimilla ya danna maɓalli. Ya yi ruwan ɗorawa, ya ɗan jima a haka har muka fara sallamawa, sa'an nan ya koma kore ya tsaya. Malama ta sake buɗe kundin don ta ga abin da ya tsayar da shi, sai ga shi ya rubuta cewa ya lura ba a rufe shi ta hanyar da ta dace ba, yana gyaran abin da ɗaukewar wuta ta bari. Ashe yana da wani ɗan littafi, ib_logfile0, irin wanda ɗan kasuwa ke sa wa a aljihu: kafin ya shigar da ciniki a babban littafi sai ya fara tsaga shi a ƙarami. Idan wuta ta yanke masa aiki, da ya farka sai ya bi ƙaramin, cinikin da aka ƙulla ya ƙarasa shigar da shi, wanda aka bari rabi da rabi ya warware shi kamar ba a fara ba. Wannan dabara ta burge mu ƙwarai.

Murna ba ta daɗe ba. Akawu ya buɗe manhajarsa, sai fari fat da wani saƙon kuskure. Baba ya miƙe tsaye. Rabin awa muka yi muna zufa kafin autanmu ya dafe kai ya tuna da aikinmu na jiya: mun mayar da mai tsaro ƙofa ta 3307, 'yar aike kuwa tana can tana sallama a 3306. Aka mayar da lambar yadda take, sai ga sunaye sun jero, na Auyo da na Guri da na cikin gari, kowa da lissafinsa. Wani dattijo da ke bakin taga ya ce a duba nasa, aka karanta masa, ya ce haka ne, ko kwabo bai ɓace ba.

Da daddare yaron da ya haɗa manhajar ya sami hawa tudunsa ya kira. Da ya ji zancen ibdata1 sai ya yi salati. Ya ce wa telanmu, "Yaya, da kun goge shi da maɓallin zai yi kore, mai bidiyo bai yi ƙarya ba, tunda gogewar ma za ta samar da ɗan wuri. Amma a cikinsa ne aka rubuta wane buhu ne na wa, kuma a ina yake. Da sai ku tarar da rumbu a buɗe, buhuna a jibge, mai tsaro ya ce bai san ko ɗaya ba." Ya ce masu yi wa mai bidiyon godiya yawancinsu ɗalibai ne masu gwaji, ba su da abin asara. Ya koya wa akawu yadda zai riƙa fitar da kwafin rumbun ta phpMyAdmin kowace yamma, fayil guda ɗan mitsitsi, ya zuba a filashi biyu, ɗaya ya kwana a gari ɗaya a wani gidan.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ainihin asarar. Da Malama ta hau sama a cikin kundin, ta ga lambar nan 112 ta fara bayyana tun ranar Asabar da ƙarfe uku da minti arba'in na yamma, kafin a ɗauke wuta. Daga wannan lokaci fayil ɗin da ke riƙe da biyan bashi ya nemi ya ƙara faɗi ya rasa wuri, mai tsaro ya riƙa mayar da duk abin da aka kawo masa. Ita kuwa 'yar aike ba a koya mata kawo labarin ƙi ba, sai ta share gurabu ta nuna sabon shafi kamar an karɓa. Mutum goma sha bakwai suka biya kuɗi a wannan yammaci, babu ko ɗaya da ya shiga. Goma sha shida ba a sha wahala ba, don akwai gindin rasit ɗinsu a ofis. Ta goma sha bakwai wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu bayan ambaliya, ita ke noma 'yar gonar da ya bari tare da jikokinta. Ita ce ta zo ƙarshe, littafin rasit ya ƙare, akawu ya ce mata ta tafi abinta, ai ya shiga kwamfuta.

Ranar Laraba aka aika ta zo. Baba ya sa aka ba ta kujerarsa. Ta ce buhu biyu na taki ta ci bashi, naira dubu 48, kuma ta kawo su cif a ƙulle a bakin zane. Kwamfuta ta ce ana bin ta dubu 48. Akawu ya ce ya tuna zuwanta, ya tuna ya ƙirga, amma ba zai iya rantsuwa a kan adadin ba, don ranar kansa ya ɗau zafi. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "'Ya'yan nan, an ce ku ne masu ilimin abin. Ni ban iya karatu ba. Ku gaya mini, kuɗin nawa ina suka shiga?" Duk cikinmu masu wasa da kalmomi aka rasa mai amsa mata.

Baba ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya, yanzu za a gani." Ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito da kuɗin ranar Asabar, waɗanda bai kai banki ba saboda wannan rikici. Aka ƙirga a gaban kowa, aka cire na waɗanda kwamfuta ta riƙe, aka cire na mutum goma sha shida masu rasit. Abin da ya rage dubu 47. Aka sake ƙirgawa sau biyu, dubu 47 dai. Ko wajen ba wani canji ne dubu ɗaya ta salwanta, ko wajen ƙirgar farko, har yau babu wanda ya sani. Dattijuwar ta fara kwance bakin zanenta, Baba ya ɗaga mata hannu, ya sa nasa hannun a aljihu. Muka ce a'a Baba, wannan namu ne. Kowannenmu ya ajiye naira 200 a kan tebur. Ya dube mu ya daɗe, sa'an nan ya tattara, ya ɗauko sabon littafin rasit ya rubuta mata dubu 48 da hannunsa, ya sa akawu ya shigar a kwamfuta, ya sa aka rufe shafin aka sake buɗewa ya ga adadin ya zauna, kana ya miƙa mata takardar.

Mun zaci zai karɓe mabuɗinsa. Muka ajiye masa a kan tebur, ya tura mana abinmu da bayan hannu. Sai dai a makon nan ya aika kasuwa aka sayo babban littafi mai baƙin bango, irin na da, ya ce kowace Alhamis ɗayanmu zai zauna da akawu a kwafe shigar mako da biro, tunda mun ce mu marubuta ne. Mun yi wata goma sha huɗu muna wannan aiki bi da bi, har Allah Ya hore mana muka yi karo-karo muka sayi tamu kwamfutar ta hannu. Muka kuma haɗa kuɗi da ƙungiyar aka sayi ɗan batirin da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci idan an ɗauke wuta, don a samu a rufe ta cikin mutunci.

Mai hoton da ya ara mana faifai ya gaji da jira ya sayar mana da shi, yana nan a shagon littattafai a cikin durowa. Bidiyon zaman watan Yuni na ciki, awa biyu da rabi, telanmu na rera wata doguwar waƙa a kan ambaliya. Har yau babu wanda ya zauna ya kalle shi a cikinmu.